Sannunku da Ƙoƙari, Masana Ciwon Jikin Wasu

Yabon gwani ya zama dole. Malaman jami'a masu koyar da aikin kula da walwalar jama'a, da manazarta masu yawo da takardun tambayoyi, da manyan ƙungiyoyin agaji masu ofisoshi a Abuja da Yamai, ranku ya daɗe, kun ciri tuta. Bayan shekara da shekaru kuna rubutu a kan makaho da gurgu da almajiri da bazawara da ɗan gudun hijira, Allah ya nufe ku da gano cewa ashe su ma suna da baki. Yanzu babu takardar neman tallafin bincike da za ta bar teburinku ba tare da wannan layi mai daɗin ji ba: za a tafi tare da waɗanda abin ya shafa. Kuma kuna tafiya da su ɗin, babu mai ƙaryata ku. Kuna gaba riƙe da alƙalami da jakar kuɗi, suna biye da ku ɗauke da ciwonsu.

Kakanninmu sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuwa ilimi ya kai ku inda kakanni ba su kai ba. Kun iya tsayawa daga waje da rani tsaka ku ƙirga ɓular rufin, ku rubuta littafi a kai, sannan ku aika wa mai ɗakin katin gayyata ya zo ya tafa muku ranar ƙaddamarwa.

Duk wanda ya taɓa halartar irin taronku ya san tsarin. Otal ne mai sanyi, zauren kuma a saman bene, babu abin hawa sai matakala. Sai a kira samari uku, ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, na ukun ya biyo baya da keken. Wanda aka cicciɓa ɗin magidanci ne mai iyali, maƙerin kekunan guragu, yana da yara a ƙarƙashinsa masu koyon walda. Hularsa ta faɗi a kan matakala, rigarsa ta tattare har ciki ya bayyana, ya ce, "Ba komai, yara, Allah ya yi albarka," don ba shi da abin faɗa da ya wuce wannan. A bakin ƙofa an miƙa wa makaho jaka mai kyau, cikinta da biro da littafin rubutu da jadawalin taro da aka buga da ƙananan baƙaƙe. Kurma yana can kujerar baya yana kallon leɓɓan masu jawabi, saboda kuɗin tafinta bai shiga kasafi ba, na furannin babban tebur ne ya shiga. Babban baƙo ya iso bayan awa biyu. Aka yi jawabin maraba, aka yi na fatan alheri, aka yi na godiya ga masu fatan alherin. Sai bayan an ci abinci, jiki ya mutu, rabin manyan sun tafi, aka zo kan abin da jadawali ya kira muryar waɗanda abin ya shafa. Minti biyar.

Wata dattijuwa ta miƙe. Ta faɗi yadda ta kwana uku tana naƙuda tun tana yarinya, da yadda aka ɗauko ta a amalanke, da yadda ɗan ya zo ba rai, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Ta faɗi yadda aka ware mata tabarma da moɗa, da yadda takardar saki ta same ta a gidan iyayenta. Zaure ya yi tsit. Wayoyi suka ɗago sama, hajiyoyi suka sa gefen mayafi suna share ido. Sai ta gyara tsayuwa ta ce, "To, abin da ya kawo ni ke nan. Bayan an yi mana aiki mun warke, an raba mana kekunan ɗinki. Ƙauyenmu teloli uku ne, duk maza, babu mai kawo mini ko facin wando. Da an tambaye ni, akuya zan ce, ko jarin ƙuli-ƙuli. Kuma matan da ke can gida ba su san ma ana yin aikin kyauta ba, da za a riƙa aika irinmu..."

"Inna, a yi haƙuri, a taƙaita. Lokaci ya ƙure."

"Ɗana, ai yanzu na zo kan maganar."

"Za mu saka a rahoto, Inna. A tafa mata!"

Aka tafa. Kai, madalla da wannan ƙwarewa! Ba kowa ne ya san daidai gaɓar da ake yanke magana ba. Kun bar ta ta zuba hawayen gaba ɗaya, domin hawaye na da kasuwa, shi ke buɗe aljihun masu ba da tallafi. Da ta zo kan hankalinta, kan abin da shekaru ashirin na wahala suka koya mata game da shirin da kuka tsara, sai agogo ya tuna da aikinsa. Wannan ne abin da ke ci mini rai fiye da komai a cikin lamarin, kuma ba zan ɓoye ba: kuna son raunin mutum, ba ku son ra'ayinsa.

A bakin fita akwai takardar halarta, ta dangwala yatsa, aka ba ta ambulan. Kun yi dabara da kuka sa masa suna kuɗin mota. Da kun kira shi ladan aiki, da kun amsa da bakinku cewa aiki ta yi, cewa abin da ta faɗa ilimi ne irin wanda ake biya a kansa, kamar yadda za a biya masanin da zai kwashe maganarta ya juya ta zuwa Turanci ya ɗora sunansa a bango. Har hujja kuka tanada: wai idan aka biya su da yawa, kuɗi zai gurɓata gaskiyar abin da za su faɗa. Allah sarki. Kuɗin kwana da na jirgi da na zaman kwamiti ba su taɓa gurɓata gaskiyar Dakta ba, sai ɗan abin da zai sayi kwanon masara ne zai lalata ta Inna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A jinjina muku kuma a kan takardar tambayoyi, wadda ake tsara ta tun kafin a san ƙauyen da za a je. Mutanen da rikicin Boko Haram ya koro zuwa sansanonin Maiduguri sun amsa irinta har sun haddace. Sau nawa kuke cin abinci a rana? Mutum nawa ne a tantinku? Wa ke ɗebo ruwa? Wannan ƙungiya ta zo da kwamfutar hannu ta tafi, wata ta zo da tata. Tambayar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsu kuwa, wato ko suna son komawa garuruwansu, da yaushe, da kuma bisa wane sharaɗi, ita ce aka yanke a bayansu. A 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin cikin Maiduguri, har da na Bakassi, kuma a 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton cewa an tashi dubban mutane ba tare da an yi cikakkiyar shawara da su ba. Ma'aunin cikinsu yana nan a ajiye cikin kwamfutoci, lamba bayan lamba. Sannunku da adana tarihi.

Kada ku ji kunya, ba ku kuka fara ba. Gado kuka yi, kuma gadon mai asali ne. A yankin Hampshire na Ingila an taɓa yin wani gidan kula da naƙasassu mai suna Le Court, wanda Leonard Cheshire ya buɗe a 1948. A farkon shekarun 1960 mazauna gidan suka shiga takun saƙa da masu gudanar da shi. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: su zaɓi lokacin kwanciyarsu da kansu, su fita ba sai sun nemi izini ba, a ba su kujera a kwamitin da ke tafiyar da gidan da za su ƙare rayuwarsu a ciki. Su da kansu suka nemi masana daga Cibiyar Tavistock ta Landan su zo su duba, suna kyautata zaton ilimi zai tsaya musu. Eric Miller da Geraldine Gwynne suka yi binciken, suka zagaya gidaje da dama irin wannan, a 1972 suka fitar da littafi mai suna A Life Apart. Abin da suka gano shi ne, wai duk wanda ya shiga irin wannan gida ya riga ya mutu a idon jama'a, aikin gidan kawai shi ne ya kula da tazarar da ke tsakanin wannan mutuwa da ta gaske. Har suka kwatanta zaman naƙasassun da na kaska, mai rayuwa a jikin wani.

A cikin mazauna gidan akwai Paul Hunt, wanda ciwon shanyewar tsoka ya zaunar a keke tun yana yaro. Ya rubuta musu raddi, aka buga shi a 1981, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ya mayar musu da sunan da suka laƙaba: ya ce a duba da kyau a ga wane ne kaskar, tsakanin wanda aka yi bincike a kansa ya tashi a tutar babu, da wanda ya samu suna da abinci daga binciken. Shi dai Hunt ɗin ne ya aika wa jaridar Guardian wasiƙa a 1972 yana kiran naƙasassu su haɗa kai, daga nan aka haifi ƙungiyar UPIAS, wadda ta zo da tunanin da ya juya fagen gaba ɗaya: lalura tana jikin mutum, amma matakala da ƙofa da halin jama'a su ne ke tsare shi a waje. Mike Oliver, shi ma a keken guragu yake, ya zama farfesa, a 1992 ya rubuta cewa tulin binciken da aka yi a kan naƙasassu bai tsinana musu komai ba, kuma ba zai tsinana ba sai an sauya wanda ke riƙe da ragamar binciken da kuɗinsa. Duk wannan yana cikin littattafan da ke kan kantocinku. Wasunku ma sun ci jarrabawa da shi. Juriyar da ta sa mutum ya karanta Hunt da safe, da rana ya kira taron guragu a saman bene, ai ta cancanci lambar yabo.

Haka nan kun san tsanin Sherry Arnstein, Ba'amurkiyar da a 1969 ta kasa shigar da jama'a cikin al'amuransu zuwa hawa takwas. Biyun ƙasa yaudara ce tsagwaronta. Ukun tsakiya su ne a sanar da mutane, a ji ta bakinsu, a lallashe su, iko kuwa yana inda yake. Ukun sama su ne tarayya ta gaske, da miƙa wani ɓangare na iko, da barin ragama a hannun masu abin. Kuna zana wannan tsani a allo, ɗalibai su kwafa, ku kuma kun kafa rumfa a tsakiyarsa kun shimfiɗa darduma. Tawali'u ke nan. Ba kowa ke ganin hawa a gabansa ya haƙura ba.

Mu shiga aji, don a nan ne gwanintarku ta fi fitowa. Yaro zai shekara huɗu yana karanta aikin walwala. Zai haddace sunayen Turawan da suka kafa fannin, zai rubuta dogon bayani a kan mutunta wanda ake taimako. Zai fita da digiri ba tare da ko sau ɗaya wanda ya taɓa zama a ɗaya gefen teburin ya tsaya gabansa a matsayin malami ba. In an yi abin kirki, sai a ɗebi 'yan aji a bas a kai su gidan marayu ko gidan gajiyayyu da katan ɗin taliya da sabulu, a tsaya a jere a ɗauki hoto, yaran gidan a gaba, a dawo a rubuta rahoton ziyara. Ɗalibin ya koyi darasin da ba ya cikin manhaja, kuma shi ne zai zauna masa har ya yi ritaya: waɗannan mutane abin kallo ne da abin tausayi, ana zuwa wurinsu da kwali, ba a zuwa da littafin ɗaukar darasi.

Kun tsare mu daga abin da ya faru a Ingila, kuma mun gode. A can, tun da aka fara sabon digirin aikin walwala a 2003, ƙa'idar gwamnati ta wajabta wa jami'o'i su sa masu karɓar hidimar da masu jinyar 'yan'uwansu cikin harkar karatun: wajen tantance wanda za a ɗauka, wajen tsara darussa, wajen koyarwa, har da auna ɗalibi. Aka kuma ware kuɗi don haka. Ka ji fitina! Wanda ya tashi a gidan marayu yana zaune cikin masu yi wa ɗalibi tambayoyin shiga jami'a. Matar da aka taɓa ƙwace wa 'ya'ya tana faɗa wa aji yadda ƙwanƙwasa ƙofar jami'in walwala ke sauka a ƙirjin uwa. Peter Beresford, wanda ya yi shekaru yana karɓar maganin lalurar ƙwaƙwalwa kuma bai ɓoye ba, ya zama farfesa a Jami'ar Brunel, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Shaping Our Lives a 1996, ƙungiyar da masu karɓar hidimar ke tafiyar da ita da kansu. A Jami'ar Lund ta Suwidin kuwa abin ya wuce nan: tun 2005 suke da kwas da ɗaliban walwala ke zama aji ɗaya da mutanen da suka yi fama da shaye-shaye ko rashin matsuguni ko taɓin hankali, kowa ɗalibi, su tsara aiki tare. Can ɗin ma ba a gama gyara ba. Akwai masu tsoron karɓar ladan koyarwa kada a yanke musu tallafin gwamnati, akwai jami'o'in da suka mayar da abin cika sharaɗi. Amma ƙofar a buɗe take, ana faɗan yadda za a faɗaɗa ta. Ku kuwa kun hutar da kowa, ba ku ma sa ƙofar a ginin ba.

Za ku ce wannan al'adar Turawa ce, namu mutanen ba su waye ba. Gaskiya ne, ranku ya daɗe, ina makaho ya san tsari? Sai dai tun kafin a buɗe kwalejin jami'a ta farko a Ibadan a 1948, garuruwan Hausa na da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare. Su ke sauke baƙonsu, su sasanta rigimar aure, su raba abin da aka samu, su kai kukan jama'arsu fada. Sun san wanda ya kwana da yunwa jiya, sun san yarinyar da aka hana makaranta don tana jan ubanta zuwa bara, sun san wanda ya daina fita don baƙin ciki ya kama shi. Wannan shi ne aikin walwalar da kuke koyarwa da Turanci, su suna yin sa ba albashi. Hikimarku ce ta sa kuka ga bai dace irin wannan dattijo ya ɓata muku allo ba, sai dai a neme shi ranar da ake son ya tara mutanensa su cika zaure.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Cikin makonni aka buɗe wasu a Daura da Katsina da Zariya. Duniya ta ga hotunan tabon bulala a gadon bayansu. Waɗannan mutane sun san abin da babu littafin da ya sani: yadda iyaye ke kai ɗansu da hannunsu don sun rasa inda za su kai shi, da abin da ke sa yaro ya yi shiru ko da mai bincike ya zo, da kalmar da in an faɗa masa zai yarda ya yi magana. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Jami'an da za su yi aiki da ita suna cikin azuzuwanku yanzu haka. Mutum nawa daga cikin waɗanda aka kwance wa mari kuka kira, bayan sun warke sun yarda, kuka biya su, kuka ce ga alli, koya wa yaran nan?

Na san amsar. Wanda abin ya shafa yana da son rai, ba zai iya kallon lamarin da sanyin zuciya ba. Ku ne marasa son rai. Ƙarin girman da ke jiran maƙala, da tallafin da ke jiran rahoto mai daɗi, da tikitin taron ƙasar waje, duk ba sa motsa muku zuciya ko kaɗan. Tsarkakakku ke nan.

Ga kuma kyakkyawar kulawarku da sirri. Don kare mutuncin Inna, kun cire sunanta daga jerin marubuta, kun mayar da ita "mai amsa ta goma sha huɗu". Fuskarta kuwa tana kan kyallen taro, tana kan kalanda, tana Facebook, ƙarƙashinta an rubuta ciwon da ta ɓoye wa maƙwabtanta shekara da shekaru. Sunan da zai jawo mata daraja an sakaya shi, fuskar da za ta jawo mata gori an baza ta. Rahoton kuma da Turanci ya fito, shafi ɗari da ɗoriya, ba a taɓa mayar da shi ƙauyen ba. Ƙasar da kowane gida ke da rediyo, ba a samu rabin awa an karanta wa mutane abin da aka gano a kansu da harshensu ba, balle su ce nan kun yi daidai, nan kun yi kuskure.

Kuma kun iya zaɓe. Kowane gari kuna da mutum biyar ko shida da ba a taro sai da su: suna jin Turanci, suna da waya mai intanet, sun san inda ake tafi da inda ake shiru. Ba laifinsu ba ne, da yawansu sun sha gwagwarmaya kafin su kai nan, kuma sun san wanda ya cika gardama ba a sake gayyatarsa. Beresford ɗin nan ya fitar da rahoto guda a 2013 a kan waɗanda ake tsallakewa idan an tashi gayyata. A wurinmu su ne matar kulle mai farfaɗiya, da kurman ƙauye da bai taɓa shiga aji ba, da tsohon da kuturta ta cinye wa yatsu, da yarinyar da ke aikatau a gidan wani. Isa gare su sai da tafiya da zama a tabarma da haƙurin sauraro. Ku kuwa manya ne, takalmanku ba na turɓaya ba ne.

Almajiri kam ya gode muku fiye da kowa, don babu wanda aka rubuta takardu a kansa kamarsa. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta sama da ɗari a faɗin ƙasa, da yawansu daga baya suka koma kufai. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka loda yaran a motoci, kowace jiha tana mayar wa wata nata, har aka samu masu ɗauke da cutar a cikinsu. A 2023 aka yi dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A duk wannan zirga-zirga, yaron da ke riƙe da allon shi ne abin da ake ɗauka a ajiye.

Sai wata Bajamushiya, Hannah Hoechner, ta zo Kano ta nemi ɓata muku tsari. A 2011, da tallafin Cibiyar Goethe, ta haɗu da almajirai tara daga makarantun allo, aka koya musu aikin fim, suka tsara labari da kansu, suka fito a ciki, suka ba da umarni, aka samu fim ɗin Duniya Juyi Juyi. Da aka ba su dama, sai ga shi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ya sha bamban da abin da ke cikin takardunku. Sun nuna wulaƙancin da suke sha a gidajen da suke yi wa aiki, da saurin da ake yi a kira su ɓarayi, da yadda mai ba da sadaka ke mantawa cewa mutum ne ya miƙo kwano. Wato yatsan da kuka saba nunawa can tsangaya, sai yaran suka juyo da shi ƙofar gidajenmu, mu masu aiken su wanki da cefane. Kun ga illar ba yaro kyamara. Da takardar tambayoyi aka ba shi, da ya zaɓi ɗaya daga cikin amsoshi huɗun da kuka tanada, kowa ya kwana lafiya.

Dokoki ma ba su isa su tayar muku da hankali ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006 ta ce a yi shawara ta ƙut-da-ƙut da su, ta hannun ƙungiyoyinsu, a duk abin da ya shafe su. Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ku leƙa matakalar sashenku, ku ƙirga malaman da ke cikinsa, sannan ku karɓi gaisuwata.

A ƙarshen 2022 an sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da sana'ar aikin walwala a Najeriya, wato za a zauna a fayyace wane ne ƙwararre da abin da ya wajaba a koya masa. Tunda ku za a kira, ga roƙona. Kada ku bari wani ya kawo maganar kujera ga waɗanda za a yi wa hidimar, kujera mai ƙuri'a da lada, ba ta ɗan amshin Shata ba. Kada ku yarda a ce su za su zaɓi tambayar da za a bincika, domin za su zaɓi wadda amsarta za ta taɓa ku. Kada a nuna musu kasafin kuɗi, sun iya lissafi, bara da talla sun koya musu. Uwa uba, ku riƙe jarrabawa gam a hannunku. Akwai matar da ta yi watanni tana zarya ofishin walwala don a karɓo mata kuɗin ciyar da 'ya'yanta daga tsohon miji, tana wuni a benci da goyo, ana ce mata Hajiya ki dawo jibi, oga bai shigo ba. Ranar da aka miƙa wa wannan mata jan biro aka ce ta duba waɗanda kuka yaye, ba ɗaliban kaɗai za su faɗi ba.